Shawa Mai Dumama Ruwa da Lantarki: Wace Waya, Wace Bireka? Tambayoyi da Amsoshi

Shawar da muke magana a kanta ita ce wadda ba ta da tanki, ruwa na shiga da sanyi yana fita da zafi nan take. A mafi yawan gidaje babu na'ura guda da ta kai ta jan wuta. Alƙaluman da ke ƙasa na wutar 230V ne, da wayar jan ƙarfe mai rigar roba ta PVC, kuma daga ƙa'idar wayarin ta BS 7671 suke, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta duniya, IEC 60364. Idan dokar ƙasarka ko takardar da ta zo da shawar ta fi wannan tsanani, ita za ka bi.

Me zai hana in jona ta a layin soket ɗin da ke kusa da banɗaki?

Wayar soket 2.5mm² ce galibi, kuma a yanayi mafi kyau amfiya 27 take ɗauka. Ƙaramar shawa ma tana neman sama da 30. Ruɗanin yana zuwa ne daga hita mai tanki: ita kilowat 1.5 zuwa 3 take ci, wato ba ta wuce amfiya 13, don tana da lokacin dumama ruwanta a hankali. Shawar nan take ba ta da wannan lokacin, a cikin daƙiƙu take yin aikin, shi ya sa take kaiwa kilowat 7.5 zuwa 10.8. Layinta nata ne ita kaɗai, tun daga akwatin rarraba wuta har inda take, babu soket, babu fitila, babu fanka a kai.

Ta yaya zan san amfiya nawa shawata ke ja?

Ka raba wat da boltej. Kilowat ɗaya wat 1,000 ne. A 230V, mai kilowat 7.5 tana jan amfiya 32.6, mai 8.5 tana jan 37, mai 9.5 tana jan 41.3, mai 10.5 kuma 45.7.

Sai dai ka duba takardar da ke manne a jikin shawar da kyau. Kamfanoni da yawa a 240V suke auna ƙarfin da suke bugawa da manyan lambobi a kwali. Shawar da aka rubuta kilowat 9.5 a 240V amfiya 39.6 take ja, in kuma 230V ta samu sai ta sauko zuwa kusan 38, ƙarfinta ya koma kilowat 8.7. Abin da ke dumama ruwan ƙarfe ne mai tsayayyiyar turjiya, don haka in boltej ya ragu, amfiya ma raguwa take yi. Wannan bambancin na amfiya biyu ko uku shi ne sau da yawa ke raba tsakanin bireka mai 40 da mai 45.

Inda wutar gida take 127V, kamar wasu sassan Burazil, lissafin ya kusan ninkawa: shawa mai wat 5,500 tana jan amfiya 43 a can, alhali a 220V amfiya 25 ce kawai.

To wace bireka zan sa?

Wadda ta kai abin da shawar ke ja ko ta ɗan fi shi, amma ba ta wuce abin da wayar za ta iya ɗauka ba. Abu uku ne a jere: shawa a ƙasa, bireka a tsakiya, waya a sama. Kusan dukan abin da ya rage a wannan shafi bayanin wannan jerin ne.

A aikace, mai kilowat 7.5 tana tafiya da bireka mai 32 in a 240V aka auna ta, mai 8.5 da mai 40, mai 9.5 da mai 40 ko 45 gwargwadon abin da takardarta ta ce, mai 10.5 zuwa sama da mai 45 ko 50.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne bireka ba shawar take gadi ba, wayar take gadi. Aikinta ta yanke wuta kafin wayar da ke cikin bango ta yi zafin da zai cinye rigarta. PVC an yi ta ne ta jure digiri 70, in ana wuce haka kullum sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Don haka ba a zaɓen bireka sai an san wayar, ba a kuma sanin wayar sai an san hanyar da za ta bi.

6mm² ko 10mm²? A ba ni amsa ɗaya.

In amsa ɗaya ake so kuma sabon aiki ne, 10mm². Ta ishi kusan kowace shawa ta gida a mafi yawan hanyoyi, kuma in an sake shawa mai ƙarfi nan gaba ba sai an fasa bango ba. Kuɗin aikin fasa bango da gyaransa ya fi bambancin kuɗin wayoyin biyu.

Amma wanda ya ce maka "6mm² amfiya 47 take ɗauka" ya faɗi rabin magana. Waya tana yin zafi in wuta na bi ta cikinta, kuma abin da za ta iya ɗauka ya dogara ne da yadda zafin ke samun hanyar fita. Ka ɗauki kebul mai faɗi ɗin nan mai wayoyi biyu da wayar ƙasa a tsakiya, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Mai 6mm², in an kafa ta a fili a jikin bango, amfiya 47 ce. Wannan wayar dai, in ta bi ta saman silin aka rufe ta da audugar tare zafi da ba ta wuce kaurin milimita 100 ba, ta koma 34. In audugar ta fi haka kauri, 27. In tana tsakiyar bango mai cike da auduga ba ta taɓa komai, 23.5, rabi ke nan cif. Mai 10mm² a waɗannan wurare huɗu tana ba da 64, da 45, da 36, da 32.

Inda ake zura wayoyi ɗai-ɗai cikin bututu a binne a bangon bulo, 6mm² tana ɗaukar amfiya 41, 10mm² tana ɗaukar 57, 16mm² kuma 76.

Wani abin kuma, wuri mafi muni a hanyar shi ke yanke hukunci. Ko da mita goma sha biyar na wayar suna shan iska, in mita ɗaya ta nutse cikin auduga, da wannan mita ɗayar za a yi lissafi. Igiya ai ta wurin da ta fi siriri take tsinkewa. Sau da yawa dabarar da ta fi araha ita ce a sauya hanya, a ɗaga wayar sama da audugar ko a zagaye ta, maimakon a sayi mai kauri.

Saboda haka 6mm² tana da wurinta: shawa mai kilowat 7.5 ko 8.5, gajeriyar hanya, waya mai shan iska. Daga 9.5 zuwa sama ni dai ba na ba da shawararta, ko da lissafi ya nuna ta tsallake da ƙyar. Akwai kuma gidajen da 10mm² ma ba za ta isa ba sai 16mm².

Zafin gari yana shiga lissafin?

Sosai, kuma shi aka fi mantawa. Duk alƙaluman da ke sama an yi su ne a kan cewa iskar da ke kewaye da wayar digiri 30 ce. A digiri 35 ana ninka lambar da 0.94, a 40 da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. Ba zafin ɗaki ake nufi ba, zafin inda wayar take kwance. Tsakanin silin da rufin kwano da tsakar rana wata duniya ce daban, duk wanda ya taɓa leƙa kansa ciki ya sani.

Cunkoso ma haka. Layi biyu a bututu ɗaya, a ninka da 0.80. Layi uku, 0.70, don kowanne yana dumama ɗan'uwansa.

Ga misali. Shawa mai kilowat 9.5 a 230V, amfiya 41.3, bireka mai 45. Wayoyi 10mm² a bututu, 57. Inda suka bi yana kai digiri 40, to 57 sau 0.87 ya ba da 49.6. Ya fi 45, an tsira. Yanzu a ce don gudun wahala an cusa layin na'urar sanyaya ɗaki a cikin wannan bututun: 49.6 sau 0.80, saura 39.7. Wayar da ake ganin ta yi kauri har ta yi yawa yanzu ta gaza abin da shawar ke ja, balle birekar. Ita kuwa 6mm² a wannan bututu da wannan zafi, ko ita kaɗai ce, 35.7 take bayarwa, wato bireka mai 32 ce iyakarta.

Nisa tsakanin akwatin wuta da banɗaki fa?

Kowace mita tana cin ɗan boltej. Mai 6mm² tana zubar da milibolt 7.3 a kan kowace amfiya a kowace mita, mai 10mm² 4.4, mai 16mm² 2.8. Ƙa'ida ta yarda da asarar kashi 5 cikin 100, wato 11.5V. Da amfiya 41, 6mm² tana cinye wannan a kusan mita 38. Da amfiya 46, 10mm² tana kai mita 56. A matsakaicin gida zafi ne ke fara hana ka kafin nisa, amma in banɗakin yana wani sashe can bayan gida, a auna. Tsawon wayar ake aunawa da duk hawa da saukarta, ba tazarar da ido ke gani ba.

Bireka tana yawan faɗuwa in ana wanka. In sa wadda ta fi ta girma?

A'a. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi a kai ga gobara. Birekar da ke faɗuwa tana gaya maka wani abu ne, a fara sauraronta.

Ka lura da lokacin da take faɗuwa. In sai an yi mintuna ana wanka, lodi ne ya yi mata yawa, ko kuma sukurun da ya riƙe waya a bakinta ya saki yana dumama ta. In da an kunna take faɗuwa nan take, wayoyi ne suka haɗu a wani wuri ko ƙarfen dumamawar ya lalace. In kuma RCD ce ke faɗuwa, wato na'urar da ke kare mutum daga jan wuta, wuta ce ke zurarewa, wataƙila ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Ana iya ƙara girman bireka a hali ɗaya kawai: an duba kaurin wayar da hanyarta, lissafi ya nuna za ta ɗauki sabuwar lambar.

Akasin wannan ma yana yaudara. Rashin faɗuwa ba shaida ba ce cewa komai lafiya. Bireka mai 40 tana iya ɗaukar amfiya 45 na tsawon awa guda ba ta motsa ba, haka aka ƙera ta. Sai wajen amfiya 58 ne aka tabbatar za ta yanke cikin awa ɗaya. Wanka kuwa minti goma ne. Don haka "shekara nawa muna amfani da ita haka" ba hujja ba ce, rigar wayar tana iya tsufa a ɓoye.

Na ga an rubuta B40 a wata, C40 a wata. Akwai bambanci?

Harafin yana nuna yadda take saurin yankewa in wayoyi suka haɗu. Nau'in B tana yankewa nan take in wuta ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarta, nau'in C sai ninki 5 zuwa 10. C ta dace da injina masu fizgar wuta lokacin tashi. Shawa ba ta fizga, don haka B ce tata. B40 tana buƙatar amfiya 200 ta yanke nan take, C40 tana buƙatar 400, kuma ba kowane layi ne ke iya kawo wannan ba, musamman in yana da tsawo.

In bireka daidai take, me ya sa sai an ƙara RCD?

Don bireka ba ta san mutum ba. Amfiya 40 take jira, alhali miliamfiya 50 zuwa 100 da ta ratsa ƙirji ta isa ta birkita bugun zuciya. Jiƙaƙƙen jiki, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe, babu yanayin da wuta ta fi samun sauƙin bi ta cikin mutum kamar wannan.

RCD tana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural. In an samu giɓin miliamfiya 30, ta san wani abu yana zurarewa ta wata hanya, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Mai 30mA ake sa wa banɗaki. Masu 100mA da 300mA don kare dukiya daga gobara ne, ba su isa kare rai ba. Lambar amfiyar da ke jikin RCD zalla, kamar 63A, tana nuna abin da za ta iya ɗauka ne kawai, ba ta yankewa don lodi ya yi yawa, saboda haka dole da bireka tare da ita. RCBO ta haɗa aikin biyu a jiki ɗaya, kuma na fi son ta a layin shawa: in ta faɗi, shawar kaɗai ta mutu, ba a bar mai wanka cikin duhu da sabulu a ido ba. A riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata shida.

Wayar ƙasa dole ce? Jikin shawar ai roba ne.

Dole ce. Murfin roba ne, amma tukunyar dumamawar da ke ciki tana haɗe da ruwan da ke zubo maka. A kebul mai faɗi, 6mm² tana zuwa da wayar ƙasa mai 2.5mm², 10mm² da mai 4mm². Ba ta da riga, don haka a sa mata rigar kore da rawaya a duk inda aka feɗe kebul ɗin. Kuma a tabbatar ta kai ga ƙasa ta gaskiya, ba an murɗa ta a bututun ruwa an ce an gama ba. Bututun yau da yawa roba ne.

Wane makunni ake sa mata, kuma me ya sa yake yawan ƙonewa?

Makunni mai yanke waya biyu lokaci guda, mai wuta da nutural, mai ɗaukar amfiya 45 ko 50. Ko dai na silin mai igiyar ja, ko na bango a wajen banɗakin. Wanda ke da ɗan haske ko alamar da ke nuna a kunne yake ya fi.

Ƙonewar kuwa kusan kullum daga sukuru ne. Waya 10mm² tana da tauri. Mai aiki ya ɗaure ta tsam, sannan ya tura makunnin cikin akwatinsa da ƙarfi, wayar ta murɗa, silayenta suka sake zama, ɗaurin ya saki kaɗan. Amfiya 40 tana bi ta wannan ɗan sakin kullum. In ka buɗe irin wannan makunni za ka ga robar gefen sukuru ɗaya ta yi ruwan kasa kamar an gasa ta, jan ƙarfen ya yi baƙi, rigar wayar ta ƙanƙance ta ja baya, tana farfashewa in an taɓa. Kafin a kai nan akan ji wani ƙarni kamar na kifi a banɗakin, mutane su yi ta zargin magudana. Maganinsa akwati mai zurfi, a lanƙwasa wayoyin su zauna tukuna, sannan a sake bin kowane sukuru. In waya ta riga ta ƙone, a yanke har inda jan ƙarfen ke sheƙi, sabon makunni a kan baƙar waya ba ya daɗewa.

A kashe shawar daga jikinta tukuna, ba a riƙa yanke ta da igiya tana tsakiyar aiki ba.

Tsohuwar shawata mai 7.5 ta mutu. Zan iya sa mai 10.5 a wayar da ke nan?

Sai an duba. Layin mai 7.5 yawanci 6mm² ne da bireka mai 32, sabuwar kuwa tana neman 45 ko 50. In babu halin sauya waya, a sayi shawar da wayar za ta iya ɗauka. A kuma tambaya ko an zuba audugar tare zafi a silin bayan an yi wayarin na farko, don wannan kaɗai ya isa ya mai da layin da ke daidai jiya ya zama bai isa ba yau.

Shin ina ma buƙatar mai ƙarfi haka?

Tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan. Kilowat ba zafin ruwa yake ƙarawa kai tsaye ba, yawan ruwan da za a iya dumamawa a minti yake ƙarawa. Mai 8.5, in za ta ɗaga ruwa daga digiri 10 zuwa 40, lita 4 take bayarwa a minti, mai 10.5 lita 5. In kuwa ruwan yana shigowa a digiri 25, mai 8.5 ɗin nan tana ba da lita 8. Inda ruwan famfo ba ya yin sanyi ƙarara, ƙaramar shawa ta wadatar, kuma waya da bireka da makunni duk sun sauƙaƙa.

Yaya zan gane wayar da aka sayar mini ta cika kaurinta?

Kada ka dogara da kaurin roba, a nan ake ɓoye ƙaranci. Feɗe bakin ka ƙirga: 6mm² silaye bakwai ne, kowanne kaurin milimita 1.04, 10mm² silaye bakwai masu 1.35. Ma'aunin kauri zai nuna maka. Sannan ka kankare sili ɗaya da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyam ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe, kuma alminiyam bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba in kaurinsu ɗaya ne. Nauyin naɗin ma yakan tona asiri. Irin wannan waya ba ta shiga kowane lissafi da muka yi a sama.

Wutar gidan gaba ɗaya za ta iya ɗauka? Janareta ko inbata fa?

A duba babban fiyus ko babbar birekar da ke bakin mita. In mai 60 ce, shawa mai jan 45 ta bar 15 kacal ga sauran gidan. A kunna murhun lantarki a lokacin, an wuce iyaka. Shawa biyu a gida ɗaya sai da mai 100, ko na'urar da ke hana su aiki lokaci guda.

Janareta sai wanda ƙarfinsa ya haura na shawar da sauran kayan gidan a haɗe. Inbata mai batirin 48V kuwa sai ta ja kusan amfiya 200 daga batir kafin ta ciyar da mai 9.5. Abin da wankan minti goma ke ci bai kai yunit biyu ba, matsalar ita ce a dunƙule ake neman sa. Mai irin wannan wuta hita mai tanki ta fi masa.

Zan iya yin aikin da kaina?

Lissafin kowa na iya yi, kuma yana da kyau mai gida ya yi shi don ya san abin da zai tambayi mai wayarin. Haɗawar kuwa a bar wa wanda ya ƙware kuma yake da na'urorin gwaji; a ƙasashe da dama ma doka ce ta ce sabon layi ko aikin banɗaki sai mai lasisi, ko a sanar da hukuma. Ko an kashe babban makunnin akwati, wayoyin da ke shigowa daga mita suna nan da wuta.

Kafin a kunna, ya gwada cewa wayar ƙasa ta kai daga akwati har shawa ba yankewa, ya gwada lafiyar rigar wayoyin da 500V, ya tabbatar mai wuta da nutural ba su juya ba, ya auna turjiyar zagayen layin, wadda ga B40 bai kamata ta wuce om 1.09 ba, ga B50 kuma 0.87, sannan ya auna lokacin da RCD ke ɗauka kafin ta yanke. A cika shawar da ruwa a kan sanyi kafin a ba ƙarfen dumamawar wuta, in ba haka ba yana iya ƙonewa a kunnawar farko. Ka nemi ya rubuta maka sakamakon gwajin, da kaurin wayar, da hanyar da ta bi, ka ajiye kusa da akwatin wuta don ranar da za a sake shawa.